Amsa ga 'yar'uwar da take addu'a amma take jin Allah ya yi mata nisa

Salama gare ki, 'yar'uwata cikin Almasihu. Kin tambaya ko addu'a tana kusantar da mutum ga Allah da gaske, tun da kin yi watanni kina durƙusawa safe da dare, amma zuciyarki a bushe take, hankalinki kuma yakan tafi kasuwa da kuɗin makarantar yara tun kafin ki kai ga Amin. Ni ba fasto ba ne, malamin firamare ne mai ritaya, sai dai na shafe kusan shekara 2 cikin irin wannan hali.

A lokacin, abin da na ɗauka kusanci da Allah shi ne in zubar da hawaye a taron farkaswa, ko in roƙi abu yau in gan shi gobe. Da ban sami ko ɗaya ba, sai na zaci an rufe mini ƙofa. Wani dattijon ikilisiyarmu, manomi wanda da ƙyar yake haɗa baƙi a Littafi Mai Tsarki na Hausa, ya shawarce ni in daina neman kalmomi masu daɗi, in riƙa karanta Zabura guda da murya kowace asuba. Kiran sallar maƙwabtanmu Musulmi ya zama agogona, ban kuwa ji kunyar hakan ba, domin Markus 1:35 ya nuna cewa Yesu kansa yakan tashi da sauran duhu ya keɓe don addu'a. Zabura 150 ta ɗauke ni wata 5. A cikinsu na tarar da Dawuda yana tambayar Allah har yaushe sau 4 a ayoyi biyu na farkon Zabura 13, na kuma ga Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da wata kalmar murna ba. Ashe bushewar zuciyar ma abin kaiwa gaban Allah ce.

Game da rashin amsa, Manzo Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:8-9). A lambun Getsamani ma, kafin a gicciye shi, ba a ɗauke wa Yesu ƙoƙon wahalar da ya roƙa a ɗauke masa ba, babu kuwa mai cewa sun yi nisa da Uba.

Idan hankalinki ya gudu zuwa kuɗin makaranta, kada ki tsaya faɗa da shi, ki mai da kuɗin makarantar abin addu'ar. Ki kuma riƙa zuwa Zumuntar Mata, domin ranar da bakinki ya yi nauyi, addu'ar wata za ta ɗauke ki. A ganina, yawan ihun da ake yi a wasu majami'u ba shi ne ma'auni ba. Hannatu, mahaifiyar annabi Sama'ila, da take addu'a leɓunanta kawai suke motsi, har Eli firist ya zaci ta bugu, amma ita aka ji.

Abin da ya fi girgiza ni kuwa ya zo ta cikin Addu'ar Ubangiji, wadda na haddace tun ina yaro nake kuma zubawa kamar karatun aku. Ni da ƙanena mun yi shekaru ba ma ga-maciji saboda gonar gado, ko a jana'iza muka haɗu sai kowa ya kama gefensa. Wata asuba na iso wurin da muke roƙon gafara kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi, sai harshena ya ƙi. Na gane cewa da bakina nake roƙon Allah ya yi mini yadda nake yi wa ƙanena. Na yi kusan mako 3 ina tsallake wannan layi, kamar Allah ba zai lura ba, har na karanta Matiyu 5:23-24, inda aka umarci mai baiko ya bar baikonsa a gaban bagade, ya fara zuwa ya shirya da ɗan'uwansa. Ban ji wani daɗi a zuciya ba ranar da na shiga motar ƙauyenmu, kunya da nauyin ƙafa ne kawai suka raka ni, ga shi ni ne babba. Na same shi yana sussukar dawa, na yi masa sannu da aiki, muka zauna har rana ta faɗi. Gonar tana hannunsa har yau, kuma shi ya ja mana addu'a kafin in tashi.