Gyaran injin Fijo 504 da ƙaramin kuɗi

Malam, ka ce 504 ɗin da ka gada tana hayaƙi tana shan baƙin mai, kuma aljihu ba nauyi. Kada ka yi saurin sauke injin. Bakanike ya fara auna matsin kowace silinda. Idan huɗun sun zo kusan ɗaya, wataƙila matsalar a top silinda take, robobin bawul ne suka bushe, aikin kuma mai sauƙi ne.

In ringi ne ya mutu, ka yi sa'ar mota. Injin 504 silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, zarewa ake yi, ba sai an kai bulok an faɗaɗa ramukansa ba. Ka sayi silif, fistin da ringi saiti guda. A auna kiranshaf kafin a sayi metal, wato ƙarafan da kiranshaf ke juyawa a kansu, domin in an taɓa goge shi, lambar metal ɗin ta canja.

Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, shi ya sa kayanta ba sa wuya a kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Kabureta da dainamo na hannu sun wadatar. Gasket da famfon baƙin mai kuwa, sababbi kawai. A wanke lagireto kafin a tayar, top ɗin alminiyon ne, zafi in ya yi yawa lanƙwasa shi yake yi.