Kangon mahaƙar zaiba: Likita ya amsa tambayoyinku

Likita, ina karatu a Kalifoniya. Abokaina za su je ɗaukar hoto a kangon New Idria, inda aka taɓa haƙar zaiba. In bi su?

Ɗana, ban ba ka shawara ba. An rufe mahaƙar tun 1972, amma zaiba ba ta ruɓewa, shi ya sa a 2011 gwamnatin Amurka ta sa wurin cikin jerin gurɓatattun wuraren da za a tsabtace. Tururinta ne abin tsoro: ba launi, ba wari, kuma huhu na zuƙe kusan kashi 80 cikin ɗari na wanda aka shaƙa. Ya fi taruwa a ramuka da tsofaffin murhunan gasa dutse, musamman in rana ta take. Ga jan ruwa mai guba da ke malalowa daga ramukan, ga rufi mai jiran ruftawa. In tarihi kuke so, ku je New Almaden kusa da San Jose, akwai gidan tarihi. Can ma an gargaɗi mutane kada su ci kifin madatsun ruwan yankin saboda zaiba.

Wani ya kawo min tsarabar jan dutse daga irin wannan wuri. In yar?

Muddin ba a niƙa shi ko gasa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. A rufe shi a kwalba, nesa da yara.

Likita, maigidana mai haƙar zinare ne a Zamfara, a gida yake ƙona zaiba don ware zinaren. Yanzu hannunsa na rawa, ga saurin fushi.

Baiwar Allah, taki ta fi gaggawa. Rawar hannu, kumburin dasashi, yawan miyau, rashin barci da canjin hali duk alamun gubar zaiba ne, tana kuma taɓa ƙoda. Tururin na maƙalewa a bango da tufafi, kowa a gidan na shaƙa, mai ciki da jarirai sun fi cutuwa. A daina ƙonawar a gida daga yau. Ku je asibiti dukanku a gwada fitsari, a kuma duba jinin yaran saboda gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a jihar a 2010. Madara ba ta wanke gubar zaiba, duk da abin da ake faɗa a bakin rami. Maganin da ke fitar da ita sai a hannun likita.