Bandakin cikin mota: kada ka yi saurin cire shi

Wani Alhaji daga Tudun Wada ya rubuto: "Na sayi mota 'yar Beljiyam daga Kwatano, irin mai gado da wurin girki da bandaki a ciki, don kwana a gonata da ke wajen Soba. In na danna maɓallin ruwa, shiru. Ga wari ya cika motar. Mai gyaran famfo ya ce a cire duka a kafa irin na gida. In yarda?"

Ranka ya daɗe, kada ka yarda. Motocin Turai irin taka yawanci bandakin kamfanin Thetford ko Dometic ne a ciki, masu ɗan tankin tara ƙazanta da ake zarowa ta ƙofar gefe kamar akwati. Tankin nan lita 17 zuwa 19 kawai yake ci. Bandakin gida kuwa kora ɗaya yana zubar da lita 6 ko fiye. Kora uku, ka cika.

Shirun maɓalli ba aikin mai famfo ba ne, aikin mai rewaya ne. Ƙaramin inji ne mai wutar bolt 12 yake turo ruwan, kuma daga batirin ɗaki, wato batiri na biyu mai ba kayan cikin motar wuta, yake jan wuta, ba na tayar da mota ba. Motar da ta yi watanni a ajiye, batirin nan kan mutu. In yana da rai, a zaro tankin a leƙa ramin, a samfura da yawa akwai fis mai amfiya 3 a wurin. In kuma kana jin ƙugi amma ruwa bai fito ba, ko dai tankin ruwan kora ya bushe, ko yashin rijiyar burtsatse ya toshe injin. Ko da injin ya ƙone, shi kaɗai ake canzawa. Ka kwafi lambar samfurin, C200 ne ko C250, kafin ka aika a sayo, don da wuya ka same shi a shagunan Sabon Gari.

Wari kuwa, a nan nake so mu daɗe. Tsakanin kwanon bandakin da tankin akwai murfi mai zamewa, da zoben roba da ke rufe shi ruf. Gwajin ba ya cin ko sisi: rufe murfin, zuba ruwa kofi biyu a kwanon, ka tafi sallar azahar ka dawo. In ruwan ya tsiyaye, robar ta saki, kuma ta inda ruwa ya sauka ta nan wari ke hawowa. Hunturun Zariya da ke fasa mana dunduniya ba ya ƙyale roba. A wanke ta, a shafa mata man zaitun, wanda kowane mai sayar da maganin Musulunci yana da shi. Ban da basilin, ban da man gyaɗa, ban da baƙin mai. Bilic ma a nisanta shi, cinye robar yake yi.

Sai abin da takardar kamfani ba za ta gaya maka ba. Bature ya ƙera tankin nan yana lissafin mai amfani da takarda, mu kuwa da buta muke tsarki. Ba mu da matsalar toshewar takarda, amma tankinmu na cika da wuri ƙwarai. Su suna kai kwana uku ko huɗu. Kai da iyali, a zafin Afrilu, ka zubar kullum. Da ni ne, kuɗin da zan ba mai famfo tanki na biyu zan saya da shi. Wajen juyewa ka danna maɓallin iska na jikin tankin bayan bakin ya kalli ƙasa, in ba haka ba zai yi maka fantsama a babbar riga.

Wani malami daga Samaru ya ce an yi masa tayin mota 'yar Amurka mai babban tanki a ƙasa wanda ba a zarowa, yana tambaya ko ta fi.

Malam, a Amurka ta fi, don can akwai wuraren juye irin wannan tanki a tashoshin masu yawon shaƙatawa. A nan sai ka tabbata motar za ta iya matsowa bakin sokawen gidanka, tiyo mai faɗin inci 3 ya kai. In lungunku bai shiga da mota, ka haƙura ka nemi mai akwati, wanda yaro zai ɗauka ya juye a masai. In ka saye ta, kada ka bar bawul ɗin da ke sakin ƙazantar tankin a buɗe: ruwan zai tsiyaye, sauran ya taru ya sandare. Bari tankin ya kai kashi biyu cikin uku, ka sake shi, sannan ka saki tankin ruwan wanka da wanke-wanke ya ɗauraye tiyon. Ka hau rufin ka duba bututun iskar tankin tun kafin ciniki, zanzaro na son gini a ciki. Kwatar unguwa dai ba wurin juyewa ba ce. Ruwan sama na farko zai kwashe shi zuwa Kubanni.