Maigida yana bakin daga, yaro yana wasa da salla

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, muna zaune a barikin soja na Ojo a Legas. Maigidana yana bakin aiki a Borno, sai ya yi watanni bai leƙo gida ba. Babban ɗanmu mai shekara 11 ya fara wasa da salla, kuma ɗaki ɗaya yake kwana da ƙannensa mata. Alhakin a kan wa yake? Sannan katin bankinsa yana hannuna, zan iya cire kuɗin Islamiyya ban tambaye shi ba?

Amsa: 'Yar'uwa, alhakin na ku biyu ne. A hadisin Bukhari da Muslim, namiji makiyayi ne a kan iyalinsa, mace kuma makiyayiya ce a gidan mijinta da 'ya'yansa, kuma kowa za a tambaye shi. Aikin tsare rayukan jama'a uzuri ne na rashin zamansa a gida, amma bai sauke masa tarbiyya ba. Duk ranar da ya samu layin waya, ya nemi yaron da kansa, ya tambaye shi salla da inda ya tsaya a hadda. In lokacin hutunsa ya yi, gida ya kamata ya nufa. Sayyidina Umar ma ya ƙayyade watannin da mayaƙi zai yi nesa da matarsa.

Hadisin Abu Dawud ya ce a umarci yara da salla suna da shekara 7, a hore su a kanta suna da 10, a raba musu makwanci. Ɗanki bai balaga ba, don haka ba a rubuta masa zunubi. Ke ma ba ki da laifi matuƙar kina umarni kina bibiya. Inda aka fi samun matsala a Legas asuba ce: ana sammakon makaranta don gudun cunkoson hanya, sai a tashi yaro a makare, a tura shi wanka, salla ta bi ruwa. Ki tashe shi da ratar minti 15, alwala da salla kafin kayan makaranta. Magariba da isha'i ki haɗa shi da maƙwabci amintacce zuwa masallacin bariki, ki kuma sanar da liman. Duka shi ne matakin ƙarshe, mara rauni, ban da fuska, kuma in kin san ba zai amfana ba, malamanmu na Malikiyya sun ce a bar shi. Yaron da ke kewar uba sau da yawa duka taurin kai yake ƙara masa.

Raba makwanci ba lallai sai an raba ɗaki ba, mun san ƙuncin gidajen bariki. Ya samu tasa shimfiɗa da nasa mayafi, ko tabarma ce a falo, 'yan matan su samu nasu.

Batun kati kuwa, ki fara tambayarsa, ko da saƙon waya ne. In ya gagara samuwa, ko yana da hali ya hana, kin samu sauƙi a hadisin Hindu bint Utba, wadda Manzon Allah (SAW) ya ba izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa al'ada. Kuɗin karatun da yaro zai gyara sallarsa da shi yana cikin wannan, amma anko da gudummawar biki ba sa ciki. Ki cire daidai kuɗin zangon, ki ajiye rasit, ki nuna masa in ya dawo.

Allah ne mafi sani.