Gyaɗar ƙamshi: tambayoyinku da amsar likita

Tambaya: Likita, ɗana watansa biyar, ba ya barcin dare, sai kuka. Uwar mijina ta ce in goga gyaɗar ƙamshi cikin ruwa in ɗura masa. Na yi sau biyu, kuma ya yi barci. In ci gaba? (Wata uwa, unguwar Bagalam)

Amsa: Ƙanwata, don Allah ki daina tun yau. Na san Inna ba ta nufin jikanta da komai sai alheri, amma abin da kika gani ba barcin lafiya ba ne, buguwa ce. Cikin ƙwayar nan akwai mai, shi ne ke ba da ƙamshin, kuma a cikinsa akwai sinadaran miristisin da elemisin masu taɓa ƙwaƙwalwa. Babban mutum ma, in ya sha kamar giram 5, wato wajen cokalin shayi biyu na garin, zai iya jigata. To ina ga jaririn da hantarsa ba ta gama ƙwari ba?

Na taɓa karɓar wani saurayi da abokansa suka ɗauko cikin dare. Ya goge ƙwaya uku ya zuba a shayi, wai an ce masa tana ƙara ƙarfin namiji. Leɓunansa sun bushe ƙayau, zuciyarsa na dukan tara-tara, yana riƙe da hannun rigata yana cewa mutuwa zai yi. Abin da ya ruɗe ƴan uwansa shi ne tun la'asar ya sha, lafiya lau ya yi magariba. Haka take: sai bayan awa uku zuwa takwas take tashi, ta zo da jiri da amai da gane-gane, kuma takan kai kwana ɗaya ko biyu kafin ta saki mutum. Ba ta da makari. Ruwa muke ƙarawa, mu sa ido kan zuciya har ta fita daga jiki.

Yaron da bai cika wata 6 ba, nono zalla ne abincinsa, ko ruwa ba ya bukata. Ki kai shi a duba kunnensa, a gwada zafin jikinsa, a auna nauyinsa. In kina jin nauyin Inna, ki sa maigidan ya faɗa mata cewa likita ne ya hana.

Tambaya: Ina sayar da kayan yaji a babbar kasuwa. Wasu na cewa gyaɗar ƙamshi da gyaɗar miya abu ɗaya ne. Gaskiya ne? (Wani ɗan kasuwa)

Amsa: Alhaji, ƙamshi ne ya haɗa su, ba jini ba. Gyaɗar ƙamshi, wadda masu Faransanci ke kira muscade, ƙwallon itacen Myristica fragrans ce, asalinsa tsibiran Banda na ƙasar Indunusiya. Ɗan itacen in ya nuna yakan tsage biyu da kansa, sai ka ga ƙwallon naɗe cikin wata jar raga, wadda ita ma ake busarwa a sayar daban. Fasa ɗaya ka duba, za ka ga cikinta da jijiyoyi ruwan ƙasa kamar zane. Darajarta ta kai a 1667 Ingila ta bar wa Holan ɗan tsibirin Run, ɗaya daga cikin tsibiran Banda, ita kuma ta riƙe Manhatan, inda birnin Niyok yake a yau.

Gyaɗar miya kuwa ƴar Afirka ce, daga kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru take zuwa mana, sunanta Monodora myristica, kuma danginta su ne kimba da gwandar daji. Ɗan uwan gyaɗar ƙamshi na gaskiya a nahiyarmu wani dogon itacen kurmi ne, Pycnanthus angolensis, wanda ake tatsar kitsen ƙwallonsa a yi sabulu.

Abin da ya fi damuna a shagonka shi ne ajiya. Duk ƙwayar da ta sha laima ta yi funfuna, ko ƙwari suka huda, ka zubar. Funfunar na iya barin gubar afalatoksin, irin wadda muke tsoro a gyaɗa da masara, mai lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Tambaya: Ina da cikin wata huɗu. In daina sa ta a cincin da miya? (Wata amarya, unguwar Zariya)

Amsa: Ɗan abin da kike gogawa a tukunyar da gida duka zai ci ba komai, ƴata. Wanda na hana shi ne jiƙo, da haɗin da ba ki san abin da aka zuba ciki ba.

Tambaya: Ina da garka a bakin Gulbi. In na shuka, za ta yi? (Wani manomi)

Amsa: Baba, da wuya ƙwarai. Itace ne mai son inuwa da laima shekara duka, hunturunmu da zafin bazara za su ƙone shi. Ta kasuwa kuma an riga an busar da ita, ba ta tsira. Ko a ƙasarsu, akwai itace namiji akwai mace, ba a gane su sai sun yi fure, kuma sai an jira shekara 7 zuwa 9 kafin macen ta fara ba da ƴaƴa.