Tambaya da Amsa: Wa Ke Tafiya, Wa Ke Tsaye?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An koya mana cewa duniya na zagaya rana da gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa guda. To me ya sa ko ruwan kofi ba ya zuba? Kuma anya akwai abin da ke tsaye cak?
Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yata, jiki ba ya jin gudu, canjin gudu yake ji. Na taɓa zama cikin jirgin ƙasa a tasha, na gefenmu ya tashi, sai na gyara zama wai mun kama hanya. Da na leƙa ɗaya tagar, ga ginin tasha yana nan inda yake. Tun 1632 masanin kimiyya Galileo ya kawo misalin ɗaki marar taga a cikin jirgin ruwa: muddin jirgin na tafiya sumul, ɗigon ruwa zai faɗa cikin kwalbar da ke ƙarƙashinsa kamar a tudu. Haka duniya take ɗauke da mu.

Tambayarki ta biyu ita ce mai ƙashi. A 1687 masanin kimiyya Newton ya ce sarari yana nan da kansa ko babu komai a cikinsa, shi ne ma'aunin tsayuwa. Masanin falsafa Leibniz bai yarda ba. A wasiƙunsa da Samuel Clarke, mai kare ra'ayin Newton, 1715 zuwa 1716, ya ce sarari ba komai ba ne illa tsarin yadda abubuwa ke zaune da juna. In aka matsar da halitta dukkanta taku goma, wa zai gane?

Amma Newton na da bokitinsa. Ki rataye bokitin ruwa da murɗaɗɗiyar igiya, ki saki. Da fari bokitin ne kaɗai ke juyi, ruwan na kwance. Can sai ruwan ya kama juyin, ya hau gefe, tsakiyarsa ta lotsa, alhali a lokacin shi da bokitin tafiyarsu ɗaya, ba mai tsere wa wani. To da me za a auna wannan juyin? Newton ya ce da sararin kansa. Masanin kimiyya Ernst Mach, a 1883, ya ce da taurarin nesa.

Ni dai a miƙaƙƙiyar tafiya ina bayan Leibniz, don ba gwajin da ya taɓa nuna tsayuwa cak. Bokitin kuwa har yau yana hana ni sakat. Na gwada shi sau biyu, na jiƙa wandona. Ke ma ki gwada, amma a waje.