Amsa ga ɗan'uwan da ƙunshinsa na tar ya yanke a kan kile

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka ƙunshe dosiyen aikinka da tar -czf (tar manhaja ce mai haɗa fayiloli cikin ƙunshi guda) a kan kile, wato filashin USB, aka goge kwamfutar aka sake zuba mata Ubuntu, yanzu kuma ka zo warwarewa sai ga "Unexpected EOF in archive". Irin wannan ya taɓa faɗa mini, kuma har yau idan na ga wannan layi a kan allo sai gabana ya faɗi. Kafin komai, don Allah kada ka goge ƙunshin saboda ɓacin rai, kuma kada ka ƙara zuba komai a kan diskin da aka goge. Idan da hali, ka kashe waccan kwamfutar, ka yi aikin ceto a kan wata.

Ka fara duba girman ƙunshin da ls -l. Idan ka ga 4294967295 ko abin da ya yi kusa da haka, to kilenka FAT32 ne, wato tsarin ajiyar fayiloli wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, kuma yawancin ƙananan kile da muke saye a kasuwa a haka suke zuwa. Idan girman bai kai nan ba, to ko kilen ya cika, ko wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, ko an zare shi kafin ya gama.

Nawa FAT32 ne ya yanke shi, amma ba kilen nake zargi ba. Ina da shagon buga takardu a unguwar Ali Ɗan Sofo da ke Maraɗi, kuma yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban jami'a ne masu rubuta kundin kammala karatu, sai ƴan kasuwa masu ajiye lissafinsu a wurina. Da kwamfutar ta fara mutuwa da kanta a tsakiyar bazara, na kai ta wurin wani mai gyara da kowa ke yabo, na gaya masa a fili cewa abin da ke ciki amanar mutane ce. Ya ce in kwantar da hankalina, ya ƙunshe komai kafin ya taɓa diskin. Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne tar ba ya yin shiru idan rubutu ya gagara: yana fitar da saƙon kuskure ƙarara, ke nan ko dai mutumin nan ya gani ya kau da kai, ko kuma bai ma tsaya ya kalli allon ba kafin ya goge aikin mutane. Da na koma masa, bai ko tashi daga kujera ba, ya ce kilena ne jabu, ya juya ya ci gaba da magana da wani. Kuɗin aikinsa kuwa ya riga ya karɓa cif.

Akwai wata ɗaliba da ranar kare kundinta ta matso, ta zo tare da mahaifinta, dattijo da ya taso daga ƙauye takanas don ya biya kuɗin bugawa. Dosiyenta yana cikin waɗanda suka faɗa bayan wurin da ƙunshin ya yanke. Na rasa bakin da zan gaya musu. Ita ba ta yi faɗa ba, ta dai zauna a kan benci ta rufe fuska da mayafi, shi kuma ya ce "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri", wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na sake buga mata abin da ke rubuce da hannu cikin dare ba tare da na karɓi ko dala ba, amma jadawalan bayanan da ta tattaro a ƙauyuka, waɗanda ni kaɗai ke da gyararren kwafinsu, sai da ta sake haɗa su daga tushe.

To amma ƙunshin da ya yanke bai mutu duka ba. An ƙirƙiro tar ne a 1979 don rubutu a kan kaset, shi ya sa yake jera fayiloli ɗaya bayan ɗaya, kuma duk abin da ya shiga kafin wurin yankewar yana nan lafiya. Ka kwafe ƙunshin zuwa wani diski, ka buɗe sabon dosiye da mkdir ceto, sannan ka rubuta tar -xzvf ajiya.tar.gz -C ceto. Zai yi ta fitarwa har ya kai inda ya yanke, sannan ya yi maka ƙorafin da ka saba gani. Fayil na ƙarshe da ya ambata shi ne guntu, kada ka yarda da shi. Na nace a kan sabon dosiye ne domin tar yana danne duk fayil mai suna iri ɗaya da ya tarar ba tare da ya tambaye ka ba, sai fa idan ka ƙara masa -k.

Abin da bai shiga ƙunshin ba, sai a neme shi a tsohon diskin da PhotoRec, wanda ke zuwa tare da TestDisk. Yana tono fayiloli ko bayan an goge diski, sai dai ba ya dawo da sunayensu, don haka za ka zauna kana buɗe su ɗaya ɗaya, kuma dole ka sa ya zuba abin da ya samo a wani diski dabam. Idan diskinka SSD ne, kada ka sa rai da yawa.

Ni yanzu ba na barin kowa ya goge komai sai na ga echo $? ya ba da 0 bayan ƙunshewa, wato ba a sami kuskure ba, na karanta jerin da tar -tzf har ƙarshensa, sannan na tsaya a inda na yi ƙunshin na gwada shi da na asali da tar -dzf. Ina kuma rubuta sync kafin in zare kile don rubutun ya gama sauka a kansa, musamman a watannin da wuta ke yawan ɗaukewa. Ka mayar da kilenka exFAT, tsarin da ke karɓar fayil da ya wuce giga 4, ko ka yanka ƙunshin tun wurin yi da tar -czf - aiki | split -b 2G - ajiya. sannan ka haɗa da cat ajiya.* | tar -xzf - idan ka tashi buɗewa. Kuma ka lura da abin da ke biye da -f, domin sunan ƙunshin ne dole ya zo nan. Wanda ya sa sunan fayilinsa a wurin, tar zai danne shi. Haka nan alamar tauraro ba ta ɗaukar fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo, gara ka ba shi sunan dosiyen gaba ɗaya. Na kuma daina tara kowa a ƙunshi guda, kowane mai aiki da nasa, don idan ɗaya ya lalace kada ya ja saura.

Ka turo mana abin da ls -l ya nuna, da layukan ƙarshe na tar -tzvf, ka kuma gaya mana irin diskin da ke cikin kwamfutar, mu ga inda za a fara. Allah ya fitar maka da aikinka.